Karatun Ilimin Isiyaku Ɗalibi

Kafin a fahimci abin da ya sami Isiyaku, wajibi ne a daidaita wata kalma, domin masu faɗin ta a yau sun sauya mata mazauni. Kalmar ita ce ilimi. Yanzu kowane irin sani ilimi ake ce masa, daga na ɗan aji ɗaya har na likita, kuma babu laifi a cikin hakan. Amma a bakin dattawan ƙasar Kura da Bunkure, idan aka ce wane ya shiga ilimi, magana ce mai iyaka. Ana nufin ya riga ya sauke Alƙur'ani, an yi walima, an ci an watse, shi kuwa bai watse ba. Ya ajiye allo, ya ɗauki littafi, ya koma ya durƙusa a zauren wani malami yana koyon hukunci da ma'ana. Ilimi ke nan sunan karatun da ke bayan sauka. Da 'yan boko suka zo suna neman suna ga nasu karatun na bayan digiri, wasu suka ce ƙaro karatu, wasu suka ce digiri na biyu, samari kuwa suka ce mastas suka huta. Da sun tambaya, da an gaya musu cewa abin yana da suna tun kafin a haƙa kanal ɗin ban ruwa.

Isiyaku mutumin Unguwar Giginya ne, wani ƙauye a tsakiyar gonakin rani tsakanin Kura da Bunkure. Ya shiga ilimi yana saurayi, a shekarun da ruwan madatsar Tiga ya fara gangarowa. Mahaifinsa ne ya kama hannunsa bayan walimar saukarsa, ya kai shi zauren Malam Dalhatu, ya ce ga amana. Daga ranar har gemunsa ya yi furfura, ba a san wata safiya da Isiyaku yana gari, yana da lafiya, bai je zauren nan ba. Shi ya sa aka laƙaba masa Ɗalibi. Da farko yabo ne. Da shekaru suka tura, sai ya koma tsokana.

Ga yadda karatun yake. Bayan sallar asuba Malam zai zauna kan buzunsa, ɗalibai su kewaye shi a kan tabarmi, kowa da littafinsa a cikin gafaka, wato jakar fata, fallayen a warware ba a ɗinke su ba. Wanda ya riga zuwa shi ke farawa. Zai janyo Larabcin gaɓa-gaɓa, Malam yana mayar masa da Hausa, yana kwance masa abin da ya ɗaure, shi kuma yana amsawa da "Na'am." Idan Malam ya ga ya isa, sai ya ce, "Tsaya nan." A nan ake tsayawa. Ɗalibi ba ya cewa a ƙara masa, domin malami ne ke auna abin da kan kowa zai ɗauka. Akwai kuma ƙa'ida ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi: abin da ba ka ji daga bakin malami ba, ba ka karanta shi ba, ko da idonka ya bi ta kansa har ya gaji. Duka biyun suna da hikima. Ta farko tana raba lokaci tsakanin mutane da yawa, tana kuma karya gaggawa. Ta biyu tana hana mutum yanke hukunci da zato. Sai dai ƙa'ida, kowace iri ce, don wani dalili ake kafa ta, kuma dalili yakan tafi ya bar ƙa'idar a zaune.

A da, rani shi ne lokacin ilimi. Idan aka kai amfanin gona rumbu, magidanci ba shi da wani aiki mai nauyi sai damina ta kewayo, don haka zaure yakan cika har a shimfiɗa tabarma a waje. Kanal ya kawo arziki, kuma mai hankali ba zai zagi ruwa ba. Amma ya cinye ranin. Aka koma shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da rani, shekara ta zama aiki ɗaya marar kai marar gindi. Ɗaliban Malam Dalhatu suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wani ya ce ya daina ba. Wannan ya sami aiki a injin casar shinkafa a Kura, wancan ya sayi babur ya shiga acaɓa, wani ya ce sai an kwashe albasa zai dawo, albasar kuwa ba ta taɓa ƙarewa ba. Da aka shiga shekarun dubu biyu, tabarmi suna naɗe a jingine da bango, guda ɗaya tak ake shimfiɗawa.

A lokacin Isiyaku yana kan babban littafin fiƙihu, wanda shi ne ƙarshen abin da Malam Dalhatu ke karantarwa. Irin waɗannan littattafai da babin ruwa da tsarki suke farawa, su ƙare da babin rabon gado. Burin Isiyaku a duniya bai wuce ɗaya ba: ya kai ƙarshen littafin nan daga bakin malaminsa, ya ji an ce masa, "Ka sauke." Ba shi da wani abin jira. Matarsa Saude ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a Garun Mallam, tuwon dare daga gidan ƙaninsa ake aiko masa a rufe, ya ci shi kaɗai, ya mayar da kwano.

Gonarsa tana wutsiyar ƙaramin kanal, inda ruwa ba ya isowa da ƙarfi sai da sanyin safiya, kafin masu gonakin sama su jefa tiyoyinsu su shanye. Kullum, idan ya janyo layi biyu ko uku aka fassara masa, sai Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan. Ruwa na jiran ka." Haka ake ba shi lokacin da zaure ke cike, haka aka ci gaba da ba shi bayan ya rage shi kaɗai. Isiyaku ya yi wa abin fassara tasa. Ya yanke cewa Malam ya auna kansa ya ga iyakar abin da zai iya ɗauka ke nan, maganar ruwa kuwa sutura ce da dattijo ke yi masa don kada ya ji kunya. Ya gode da suturar a zuciyarsa, bai taɓa tanka ta ba.

Wanda bai yi masa sutura ba shi ne Baballe, taubashinsa, wanda suka fara zaure tare ya bari, ya zama dillalin tumatir a Kwanar Gafan. Duk safiyar da ya hango shi a kan gaɓar kanal da gafaka a rataye da fartanya a kafaɗa, sai ya rage gudun babur.

"Ɗalibi! An tashi daga jami'ar? Layi nawa aka sam maka yau?"

"Abin da ya sawwaƙa."

"Biyu ke nan. Kai, Malam ya yi kyauta! In aka ci gaba a haka, tattaɓa-kunnenka ne zai raba goron saukarka."

"Kai da ka tsere tun daga babin azumi, ina ka sami bakin magana?"

"Na tsere na tsira. Na san abin da ke karya azumi, na san ranar da motocin kudu ke lodi. Me kuma ya rage a duniya?"

Isiyaku yakan yi murmushi ya wuce. Ba ya jin zafin maganar, domin ban da gaisuwa, sau da yawa ita ce kaɗai hirar da yake samu a wuni.

A ranin shekarar dubu biyu da shida, Jamaluddeen, autan Malam Dalhatu, ya zo gida. Yana koyarwa a wata sakandare a Kano, yana kuma yin digiri na biyu a fannin noma. Ya tako har gona ya tarar da Isiyaku yana gyara bakin fangali, Baballe kuma na tsaye yana ƙiyasta kwandunan da tumatir ɗin zai yi.

"Kawu, sannu da aiki."

"Yawwa, Malam Ƙarami. Yaushe a gari?"

Baballe ya tafa hannu. "Alhamdu lillahi, ga mai mastas na gaske ya zo ya ga na jabu."

"Haba Kawu Baballe," in ji Jamaluddeen yana dariya, "ai aikinmu ɗaya da shi. Ni na gama digiri na shiga na gaba, shi ya sauke allo ya shiga ilimi. Ya ma riga ni shiga tun ba a haife ni ba. Bambancin kawai, mu in ka zauna kana jiran sufabaiza ya kira ka, wallahi a ƙofar ofis za ka tsufa. Kullum ina biye da shi: ranka ya daɗe a duba mini, ranka ya daɗe a ƙara mini."

Isiyaku ya miƙe daga sunkuyon da ya yi. "Malaminka kake ce wa ya ƙara maka? Da bakinka?"

"Da bakina, Kawu. Har a waya."

"Allah ya kyauta," in ji Isiyaku, ya koma kan fangalinsa.

Sai da Baballe ya tayar da babur ya tafi, sannan saurayin ya tsuguna kusa da shi ya faɗi abin da ya kawo shi. Tun da Iya, mahaifiyarsa, ta rasu a daminar da ta wuce, babu mai kula da tsohon yadda ya kamata. Ƙafafunsa suna kumbura, numfashi yana yi masa wuya, likita kuma yana son ganin sa a kai a kai. Jamaluddeen ya sami gida mai ɗaki biyu a birni. Kafin ruwan sama ya sauka zai zo ya ɗauke shi.

"Na ce kai zan fara gaya wa, Kawu, don na san abin zai fi taɓa ka."

"Ka yi daidai," in ji Isiyaku. "Haƙƙinsa ne a kanka."

Kuma ya yi daidai ɗin. Babu mai adalcin da zai zargi ɗa don ya ɗauki mahaifinsa ya kai shi kusa da magani. Amma da Isiyaku ya koma gida ya zare fallayen da suka rage, ya matse su tsakanin yatsa biyu, sai ya ga babin gado ne ɗungurungum, ko taɓa shi ba a yi ba. A layi biyu kullum, aikin shekaru ne. Abin da ke hannunsa kuwa bai wuce ragowar rani ɗaya ba.

Safiya bayan safiya yana zuwa da niyyar ya roƙa, harshensa yana ƙin ɗagawa. Abin da mutum ya shekara talatin da wani abu bai faɗa ba, ba ya fitowa don kawai an matsu. Sai wata rana aka rufe ruwan kanal domin a yashe shi a sare ciyawar kacala da ta toshe shi. Washegari, da ya janyo layinsa aka fassara, Malam ya ɗaga hannu kamar kullum.

"Tsaya nan. Ruwa na jiran ka."

"Allah gafarta Malam, yau babu ruwa. An rufe, ana yasa."

Bai faɗa da wata manufa ba, gaskiyar abin da ke akwai ya faɗa. Amma tsohon ya bar hannunsa a sama bai sauke ba. Daga bisani ya ɗora shi a gwiwa.

"Da can ma ba don ruwa nake tsayar da kai ba, Isiyaku."

"Na sani, Malam. Kaina ne ba ya ɗauka."

"Wa ya gaya maka haka?"

Malam ya ci gaba.

"Tun shekarar da Baballe ya bar zauren nan ka isa a ba ka shafi guda, ka tashi da shi ba ka zubar ba." Malam ya tsaya ya ja numfashi. "Idan ka sauke wannan, me zai kawo ka? Ba ni da wani littafi a bayansa. Nan nawa sanin ya tsaya. Dubi zauren." Ya nuna tabarmin da ke jingine. "Na ce in ina ja a hankali, zan riƙa jin takun mutum da asuba. Da ka taɓa cewa in ƙara maka, ko sau ɗaya, da ban iya hana ka ba. Ba ka ce ba. Sai na ce wa raina, ashe shi ma ba sauri yake yi ba."

"Ai ba a cewa, Malam."

"Ba a cewa," tsohon ya amsa. "Ni na koya maka."

A nan ya kamata a tsaya a yi adalci. Malam Dalhatu ya yi kuskure, kuma girmansa ba ya goge kuskuren, domin karatun ɗalibi haƙƙin ɗalibi ne, ba a riƙe shi don a sayi zama da shi. Isiyaku ma ya yi nasa, domin ladabin da aka kafa saboda cikar zaure ya ci gaba da riƙe shi a zauren da babu kowa, ya kuma yanke wa kansa hukuncin daƙiƙanci ba tare da shaida ba, alhali littafin da ke hannunsa ya hana yanke hukunci da zato. Abin da ya fi ciwo shi ne tsoron Malam ba shi da tushe. Da Isiyaku ya sauke tun shekarun baya, da washegari zai dawo ya zauna a tabarmar nan, ko da ba littafi, domin ba shi da wani wurin zuwa. Kowannensu yana riƙe da amsar abin da ke damun ɗan uwansa, suna zaune gwiwa da gwiwa kowace safiya, kunya ta hana a tambaya.

Daga ranar aka saki karatu. Malam ya riƙa ba da shafi, wani lokaci har da rabin na gaba. Sai dai rabon gado ba labari ba ne da za a saurara a wuce. Lissafi ne: wa ke da rabi, wa ke da sumuni, wa ke hana wa, me ya rage bayan kowa ya ɗauka. Malam yakan sa a zube ƙwayoyin masara a kan tabarma a matsayin dukiya, ya ce mutum ya mutu ya bar mata da uwa da 'ya'ya mata biyu da ɗan uwa, raba. Isiyaku ya raba, a rushe, ya sake rabawa. Kansa yana ɗauka, kamar yadda Malam ya faɗa, kuma wannan ya yi masa daɗi ya kuma yi masa ɗaci a lokaci guda. Ƙirjin tsohon ne ba ya ɗauka. Yakan yi bayani kaɗan sai tari ya sarƙe shi, a jira, a kawo ruwa, a ci gaba. Akwai safiyoyin da bai iya fitowa zaure ba sam.

Da aka sako ruwan kanal, Isiyaku bai koma kamun ruwan safe ba. Yakan zauna a zaure har hantsi, ya isa gona ya tarar na sama sun shanye, ganyen tumatir ya yi laushi ya sunkuya. Wata rana ya iso ya ga fangalinsa a jiƙe, Baballe na tsaye a cikin taɓo ya naɗe wando har gwiwa yana janye tiyo.

"Kada ka gode mini," in ji Baballe tun kafin ya buɗe baki. "Ba don kai na yi ba, don tumatir na yi. Ni zan sayar da shi, ba na son a ce dillali ya kawo gawa kasuwa. Koma jami'arka."

Duk da haka rani ya ƙare kafin littafin. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Jamaluddeen ya zo da motar haya ya tsayar a ƙofar gida. A safiyar tafiya Malam ya sa aka fito da shi zaure, ya zauna kan buzu. Abin da ya rage a hannun Isiyaku fallaye ne kaɗan, amma su ne masu wuyar babin: inda rabo ya fi dukiya yawa, da inda magaji ya mutu kafin a raba. Daga cikin gida ana jin jan akwati da muryar mata masu sallama.

"Kawo," in ji Malam. "Ka janyo, in bi da kai a guje ba tsayawa. Kafin Jamalu ya gama ɗaure kaya mun kai ƙarshe. A yi addu'a, a raba goro, a ce ka sauke a hannuna. Ana yin haka don albarka, ba haramun ba ne."

Isiyaku ya dubi fallayen. Kalmar da ya shekara da shekaru yana jira ce aka miƙo masa, daga bakin da yake so ya ji ta.

"Allah gafarta Malam, idan aka bi da ni a guje, gobe aka kira ni rabon gonar marayu, me zan ce na sani?"

"Za ka ce ka ji daga bakin Dalhatu."

"Kunnena ne zai ji, Malam." Ya sunkuyar da kai. "A ba ni mas'ala ɗaya yadda ake bayarwa, in tashi da ita."

Tsohon ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya ce a zubo masarar. Ya ba shi mas'ala ɗaya, a tsanake, yana hutawa tsakanin jimla da jimla. Isiyaku ya raba ya kuskure, ya sake rabawa ya dace. Suna shirin shiga ta biyu Jamaluddeen ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, ya ce direba yana tsoron hadari ya tare su a hanya. Isiyaku ya fara tattara fallayen.

Malam ya dafa hannunsa. "Ka shaida ban ce ka tsaya ba. Mota ce ta zo."

An yi ta maganar wannan safiya a ƙauyen. Wasu suka ce taurin kai ne, malaminka ya miƙo maka sauka ka ƙi karɓa. Wasu suka ce ya hana tsoho tafiya da zuciya a sake. Magana ta biyu tana da nauyi, kuma ba za a ce Isiyaku bai ji nauyinta ba. Amma duk wanda ya san ma'anar kalmar da aka fara da ita zai gane abin da ya zaɓa. Sauka suna ce da jama'a ke ba mutum a rana ɗaya. Ilimi kuwa shi ne abin da mutum ya koma nema bayan an riga an ba shi sunan. Wanda ya shekara talatin yana neman na biyu, idan ya sayar da shi a safiyar ƙarshe don ya sami na farko, to bai san abin da ya zauna yi ba tun farko.

Sau ɗaya Isiyaku ya je Kano duba shi, da gafakarsa a rataye. Ya tarar da Malam a kwance, ana tallafa shi kafin ya sha ruwa. Suka gaisa, tsohon ya dubi gafakar, Isiyaku ya tura ta bayansa, ba wanda ya ambace ta. Shinkafa tana fitar da kai labarin rasuwar Malam ya zo. Jamaluddeen ya ba shi mabuɗin zauren, ya ce babu wanda ya fi shi cancanta ya riƙe. Isiyaku yakan buɗe bayan asuba, ya share, ya shimfiɗa tabarmarsa a gaban buzun da babu kowa a kai, ya yi bitar abin da aka ba shi tun daga farko har inda mota ta zo. Fallayen da suka rage ya ɗaure su da zare daban, bai taɓa kwancewa ba. Baballe ya daina tsokanar sa. Idan suka haɗu a kan gaɓar kanal sai ya rage gudu ya ce, "Sannu, Isiyaku," ya wuce. Wannan gaisuwar ta fi duk tsokanar baya yi masa nauyi.

Bayan an yanke shinkafa, Isiyaku ya hau kekensa wata safiya ya nufi Madobi, inda aka ce akwai wani Malam Iliyasu da ke karantar da littafin har ƙarshe. Ya tarar da mutum wanda bai kai ƙaninsa shekaru ba, zaurensa da ɗalibai samari, wasu da wayoyin salula a aljihu. Ya jira kowa ya karɓi nasa, sannan ya matsa ya faɗi ko shi wane ne, da inda ya tsaya, da abin da yake nema.

Malam Iliyasu ya yi wa marigayin addu'a, sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ba na ba da ƙarshen littafi sai na ji farkonsa a bakin mutum. Ban san yadda aka ɗora maka ba, kuma gado ba wurin da zan yi gini a kan abin da ban gani ba ne. In za ka iya, mu faro daga farko. In ba za ka iya ba, ban ga laifinka ba."

Isiyaku yana dab da sittin. Ya san tsawon littafin fiye da kowa a zauren, ya kuma san nisan Madobi a kan keke. Ya buɗe gafaka, ya ajiye ɗaurin zaren a gefe, ya zaro fallen farko, wanda gefensa ya yi baƙi ya lanƙwashe don yawan taɓawa. Ya janyo: ruwan sama, ruwan rijiya, ruwan kogi, wanne ke tsarkakewa, wanne ba ya yi. Malam Iliyasu yana fassarawa, shi yana cewa "Na'am," kamar bai taɓa ji ba. Da aka yi layi uku, malamin ya ɗaga hannu cikin girmamawa.

"Tsaya nan, Baba. Kada a gajiyar da kai, ga hanya da nisa."

Isiyaku bai mayar da fallen ba. Yatsansa yana kan layi na huɗu. Ya ce da muryar da sai da na kusa suka juyo:

"Allah gafarta Malam, a ƙara mini."

Samarin suka dubi juna. Malam Iliyasu ya dubi tsohon, ya dubi ɗaurin zaren da ke gefensa, ya sauke hannu.

"Janyo," ya ce.